Aljihu a Dama

"Cire ta!"

Pantaleo ya waiga gabas ya waiga yamma. Lungun bayan gidanmu ko kyanwa babu, zafin rana ya kora kowa ɗaki.

"A nan? Haba Cesarina, ke fa 'yar gidan mutunci ce..."

"Kwat ɗin nake nufi, ɗan rainin hankali! Cire ka miƙo min."

Ya zare ta yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ɗora min a hannu. Wayyo ni! Ina ɗaga ta gabana ya faɗi. Ta marigayi mahaifinsa ce, da ita ya yi angonci shekara talatin da suka wuce. Kafaɗun sun koɗe sun koma ruwan toka, gwiwar hannun har ƙyalli take yi don tsufa, kwalar kuwa sai ka ce ɓera ya yi mata aski.

"Da wannan za ka zo neman aurena?"

"Ita ke gare ni, hasken idona."

"Ina yadin da gwamnati ta ba ku ranar da aka sallame ku daga soja?"

Na san amsar sarai, so nake kawai in ji haushi.

"Yana nan yana yawo a gari," ya ce. "Jiya ma na gan shi a kan bishiyar ɓaure."

Matar yayansa ya bai wa, yayan da ya tafi yaƙi bai dawo ba, ta yanka wa marayunta wanduna uku. Halin Pantaleo ke nan. Shi ya sa nake sonsa, shi ya sa kuma wani lokaci nake ji kamar in shaƙe shi.

Baba kuwa, Mastro Donato, telan da duk garinmu na Martano ya san da zamansa, magana ɗaya ya yi tun da ya ji ƙishin-ƙishin ɗinmu: duk mai son 'yarsa ya zo masa cikin sabuwar kwat. Namijin da ya kasa suturta kansa, in ji shi, ba zai suturta mace ba. A 1920 fa ake wannan magana! Shekarar da yadin ulu ya fi nama wuyar gani. Shekarar da ake rina bargon soja a yi rigar sanyi, mu 'yan mata siket ɗinmu ya haye saman idon sawu, tsofaffi suna ta salati wai rashin kunya ce, alhali yadin ne bai kai ba.

"In ya ƙi ni, kin san sauran." Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Kawuna ya aiko min da takardar jirgin ruwa. Farkon Oktoba zai tashi daga Napoli zuwa Ajantina. Ba zan iya zama a garin nan ina kallon ki daga nesa ba, Cesarina."

"Yi min shiru."

Na zaro ɗan almakashina daga ƙugu, na farke shafin ciki kamar tsawon yatsa, na leƙa.

Sai na manta da jirgi, na manta da Baba.

Shuɗi ne. Shuɗi mai duhu, mai sanyi, irin na teku in ka hango shi daga gaɓar garin Otranto da hantsi. Shekara talatin yana kwance a ɓoye, rana ba ta taɓa shi ba, ruwa bai taɓa shi ba. Nan take na ga Pantaleo a cikinsa yana shigowa ta babbar ƙofa. Na ga Baba ya miƙe tsaye. Har ƙararrawar coci na ji, na rantse, alhali ba lokacinta ba ne.

"Cesarina? Kin tafi ina kuma?"

"Ba ni sati uku," na ce. "Zan juya ta."

Juyi aikina ne tun shekara ta biyu da fara yaƙi. A farke riga gaba ɗaya, ɗinki bayan ɗinki, a wanke, a goge, a mayar da ciki waje, a sake haɗawa. Baba ya tsani aikin nan kamar mutuwarsa. "Ni tela ne, ba mai tonon kabari ba," haka yake cewa. Yana zaune a shagon gaba da alli a hannu, tef a wuya, yana jiran masu sabon ɗinki, su kuwa ba sa zuwa. Ni ina ɗakin baya, manyan gari suna aiko matansu ta lungu da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Bai taɓa tambaya ba, ban taɓa faɗa ba, burodi dai yana zuwa kan tebur.

Matsalar juyi ɗaya ce tak. In ka juya kwat, aljihun ƙirji na hagu sai ya koma dama. Tsofaffin kafofin maɓalli ba abin damuwa ba ne, a rufe su a ɗora maɓallai a kai. Amma aljihu? Ko ka bar shi a dama kowa ya san halin da gidanku ke ciki, ko ka ɗinke bakinsa ya bar tabo. A Martano kuwa, kafin a kalli fuskar mutum sai an kalli ƙirjinsa na dama.

Ni ba tabo nake so ba. So nake tsagar ta ɓace ɓat, kamar almakashi bai taɓa bi ta wurin ba.

Kullum bayan abincin rana, in gari ya kwanta, sai in haye saman soro inda haske yake. Na riƙa zaro zare daga cikin kalmasar rigar, sili ɗaya-ɗaya, ina saƙa su a bakin tsagar, sama, ƙasa, sama, ƙasa, ina bin sawun masaƙar farko. Inda zaren ya yi kauri sai in tsinki gashin kaina in zura a allura. Baƙi ne, siriri, ba ya nunawa.

Ban san yadda kwanakin nan suka wuce ba. Ƙanshin ɓauren da aka shanya, kukan gyare a gonakin zaitun, fararen soraye har iyakar gani. A cikin kalmasa na tsinci ƙwayar alkama biyu, Allah kaɗai ya san girbin wace shekara ne. A saman soron nan na raɗa wa 'ya'yanmu suna, har huɗu. Na gina mana gida mai taga biyu, na rushe, na sake ginawa da taga uku. Wata rana na zura hannuna cikin hannun rigar, na ɗora a kafaɗata, na ƙara wa muryata kauri na ce, "Sannu da aiki, matata..."

A haka Mafalda ta kama ni.

Mafalda 'yar Gwaggo Filomena ce, ƙanwar Baba, soronsu manne da namu. Duk tsawon yaƙi tana saƙa wa Pantaleo safa tana aikawa, shi kuma yana raba wa abokansa, ni yake rubuto wa wasiƙa. Ba ta yafe ba.

"Ikon Allah!" Ta dafa katanga, farantin tumatir a hannu. "Yau kuma da riga ake zance?"

"Ta mai kantin magani ce."

"Mai tumbin nan? Lallai ya rame." Ta zuba wa shuɗin ido har sai da na ji kamar in zauna a kansa. "Launin ya yi kyau. Zai karɓi mai dogon wuya."

"Mafalda, don Allah..."

"Me na ce? Tumatir na zo shanyawa, 'yar'uwa."

Ta yi min wani murmushi ta sauka, tumatir ɗin ma ba ta shanya ba.

Ranar Lahadin da sati ukun suka cika, bayan an taso daga coci, ya zo.

Ta babbar ƙofa.

Ina laɓe a bakin kicin da tiren gahawar sha'ir, na kusa sakin tiren. Wannan Pantaleo ne? Kafaɗun sun zauna, ƙugun ya ɗame, shuɗin ya fito masa da hasken fuska. Aljihu a hagu, farin hankici yana leƙe. Ya fi wanda na riƙa gani a saman soro kyau, ni da na ɗauka hakan ba zai yiwu ba.

Mamata ta rasu tun ina shekara goma, don haka Gwaggo Filomena ce ta zauna a mazauninta, Mafalda a gefenta tana fifita.

Baba ya dube shi daga gashi zuwa takalmi. Idonsa ya tsaya a ƙirjin dama, ya daɗe, ya wuce. Ya miƙa hannu ya kama bayan kujerar baƙi. A garinmu in uba ya jawo wa saurayi kujera, magana ta ƙare.

Sai Gwaggo ta yi gyaran murya.

"Yaya Donato, idon naka ne ya tsufa? Ba ka tambaye shi wane tela ya yi masa wannan abin arziki ba."

Na riga na koya masa amsar, sau goma na koya masa. A birnin Lecce aka ɗinka ta, wajen wani tela a bayan tashar jirgin ƙasa. Kalma nawa ce?

Pantaleo ya buɗe baki. Ya kalle ni. Ya kalli Baba.

"Mastro Donato, ba zan shigo gidanka da ƙarya ba. Ta mahaifina ce. Juya ta aka yi."

Wayyo Allah! Da ina da dutsen guga a hannu, da a kansa zan sauke.

Baba ya saki kujerar.

"Ba ni."

Ya ɗauki kwat ɗin zuwa bakin ƙofa inda rana take, ya gyara tabarau. Ya shafa da babban yatsa. Ya ɗaga sama. Ya sake shafawa.

"A dama, Yaya, a dama za ka duba!"

"Na san inda aljihu yake komawa, Filomena!"

Ya daɗe. Har gahawar ta huce a hannuna. Can sai ya lanƙwasa yadin a kan yatsansa, ya karkata shi, ya tsaya cak.

"Hannun wa?"



"Tambayi saman soro, Kawu," in ji Mafalda daga bayan maficinta.

Na ajiye tiren.

"Nawa ne, Baba."

"A gidana? Da sana'ata kika so yi min rufa-ido?"

"Kai ka ce..."

"Sabuwa na ce! Ban ce gawar da aka yi wa kwalliya ba!"

Kun san ni da baki. Da na yi shiru a nan, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Ina!

"Gawar nan ita take ciyar da mu, Baba! Shekara huɗu! Rabin masu zama a layin gaba a coci juyina ne a jikinsu. Yaushe rabonka da yanka sabon yadi? Babban almakashinka har tsatsa ya yi!"

Mafici ya tsaya a hannun Mafalda. Gwaggo ta dafe ƙirji.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Tsufa kawai ya yi a gabana. Na so in tattara maganar in mayar cikin bakina, amma ta riga ta fita, kuma a gaban baƙo.

"Ka gaida gida, Pantaleo," ya ce a hankali.

Haka Pantaleo ya ratsa dandalin gari ranar Lahadi daga shi sai farar taguwa, kowa yana kallo. Kwat ɗin tana hannun Baba, ya shige da ita shago ya rufe ƙofa.

Kwana tara bai ce min uffan ba. In ajiye masa taliya ya ci, in kwashe kwano. Gwaggo ta fara kawo min labarin wani mai injin matsar zaitun da matarsa ta rasu, wai kwat ɗinsa huɗu. Na ce ta aura masa Mafalda, ita da kwat huɗun su zauna lafiya.

Na tare Pantaleo a lungu da rana tsaka.

"Mu gudu," na ce. "Kwana biyu a gidan innarka a Otranto. In mun dawo dole su ɗaura mana aure, ba mu ne farau ba."

"A'a."

"A'a?"

"Saboda ni kin karya masa zuciya sau ɗaya. Ba zan sa ki ƙara ba."

"Gaskiyar nan taka ta cuce mu, Pantaleo! Lecce kawai za ka ce! Lecce!"

"Na sani, rabin raina."

"Ba ka sona!"

Ya kama hannuna, ya juya yatsun da allura ta huda, ya kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Da ya jawo kujerar nan, kullum na zauna a kanta sai in tuna ba ni ya jawo wa ba, wani mai sabuwar kwat ya jawo wa. Ki yafe min. Jibi Alhamis zan bi keken doki zuwa Lecce, daga can sai jirgin ƙasa."

Na fizge hannuna na shige gida. A bayan ƙofa na durƙushe na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Mama.

Laraba da safe ina shara na ji muryar Baba daga shago.

"Cesarina."

Na shiga da tsintsiyar a hannu. Kwat ɗin Pantaleo tana shimfiɗe a kan teburin yanka, madubin duba zare a gefenta. Idon Baba ya yi ja.

"Da me kika haɗa tsakiyar?"

"Da zaren kalmasa."

"Tsakiyar na ce. Inda zare ba zai shiga ba."

"Da gashina."



"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Tun ina ƙarama nake kallon hannunka."

"Hannuna bai taɓa yin wannan ba." Ya shafa wurin. "Shekara arba'in ina wannan sana'a. Da yaron nan bai faɗa da bakinsa ba, da har in mutu ban gani ba."

Ya naɗe ta da kyau, yadda yake naɗe kayan manya, ya miƙo min.

"Kai masa. Kada ɗan mutane ya riƙa yawo a taguwa."

Shi ke nan? Na karɓa, na juya zan fita. To, ya hau jirgin cikin sutura, ko mutanen Ajantina sa ga aikina.

"Ban sallame ki ba."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani ƙunshi, ya kwance. Baƙar kwat ɗinsa ce ta zuwa coci. Kullum ina ganinta a jikinsa, amma ban taɓa dubanta da idon aiki ba. Baƙin ya koma kore-kore a kafaɗa, bakin hannun duk ya cinye, ya bi shi da tawada don kada a gani.

Babana. Mastro Donato. Da tawada.

"Na san daga inda burodin yake fitowa," ya ce, bai kalle ni ba. "Tun ranar farko na sani. Kullum in ci, in ce gobe wani zai shigo da sabon yadi." Ya turo min kwat ɗin. "Juya min."

"Baba..."

"Kada ki ɓata gashinki a kan tawa. Ki bar aljihun a dama."

"Kowa zai gani!"

"Su gani. In sun tambaya in ce 'yata ce ta yi."

"Ina za ka da ita da har..."

"Ke wai ba ki da kai ne? Da wannan koren abin zan riƙe hannunki in ratsa coci ranar aurenki?"

Tsintsiyar ta faɗi.

Na faɗa jikinsa, ni da kwat biyu, ina kuka ina ba shi haƙuri, kalmomin suna hawan juna.

"Ke! Ke! Za ki jiƙa min ulu!" Ya cire tabarau ya juya wa bango fuska, yana ta gogewa, tabarau ɗin ya ƙi goguwa. "Wuce ki faɗa masa kafin sakaran ya hau keken doki."

Ban san lokacin da na ratsa dandali ba. Mata a bakin famfo suna kirana, ban waiga ba.

Na same shi a tsakar gidansu, ya durƙusa yana ɗaure akwatin katako da igiya, mahaifiyarsa tana tsaye tana share ido da gefen mayafi. Ya ga kwat ɗin a hannuna, ya gyaɗa kai.

"Ya dawo da ita ke nan. Na gode da kika kawo da kanki."

"Baba ya ce..." Numfashi ya ƙi zuwa.

"Ya ce me?"

"Ya ce..."

"Cesarina, don girman Allah!"

Na juya wajen mahaifiyarsa.

"Donna Vita, za ki iya shirya biki kafin a fara tsinkar zaitun?"

Tsohuwar ta kurma ihu ta yi waje da gudu, ko takalmi babu, tana kiran maƙwabta da sunayensu.

Pantaleo kuwa, mutumin da ya yi shekara uku a ramukan yaƙi na duwatsun arewa, ana ruwan wuta a kansa, sai ga shi ya zauna daɓas a kan akwatin, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa.

Na durƙusa a gabansa, na janye hannuwan.

"Ka ce wani abu mana, ɗan rainin hankali..."

"Da gaske?"

"Da gaske."

"Ni ɗin? Yadda nake ɗin nan?"

"Kai ɗin, masoyina. Yadda kake ɗin nan."